Ƙafarka ce ke ciwo amma 'yan majalisa ke yanke maka abin da za ka ci

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da sauran ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ɗan fili nake roƙo a shafin wasiƙu, kuma tun yanzu a yi min haƙuri don zan ɗan ja ta da tsawo, magana ce da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ga shi kuma babbar sallah na ƙaratowa, lokacin da abin ya fi tsananta kenan a gidaje da yawa.

Maganar ciwon gawut ce, wannan ciwon gaɓa da mutum zai kwanta lafiya lau ya yi sallar isha'i da ƙafarsa, can tsakar dare ya farka babban yatsan ƙafa ya kumbura ya yi jajir yana zafi yana zogi, ko zanin rufa ya taɓa wurin sai ka ji kamar ka yi ihu. Wani a idon sawu yake kama shi, wani gwiwa, amma yawanci daga babban yatsa yake farawa. Ni malamin makaranta ne a nan Tudun Wada kuma ina cikin masu fama da shi, a majalisarmu ma ba ni kaɗai ba ne, ka je Kasuwar Barci ko tashar Kawo ka duba da kyau za ka ga dattawa da yawa na ɗingishi da silifas a ƙafa ɗaya, in ka tambaya a ce maka sanyi ne. Abin da na lura da shi kuwa, sanin abincin da ya kamata a rage ba shi ne wahalar ba, likita zai faɗa maka cikin minti biyar. Wahalar ita ce mu Hausawa ba mu cin abinci mu kaɗai kuma ba mu yin jinya mu kaɗai, kowa likita ne, kowa na da ta cewa, sai ka wayi gari ƙafar taka ce amma shawarar ta wasu ce.

Bari in fara da abin da ke faruwa a jikin, don in ba a gane shi ba duk wanda ya zo da labari sai a yarda. Akwai wani sinadari da ake kira furin, jiki da kansa yana samar da shi kuma yana cikin wasu abinci, in jiki ya gama aiki da shi sai ya koma yurik asid ya shiga jini, ƙoda ta tace ta fitar da wajen kashi biyu cikin uku ta fitsari, sauran ya bi ta hanji. To in ya yi yawa, ko kuma ƙodar ba ta fitar da shi yadda ya kamata, wanda shi ne matsalar mafi yawan masu ciwon, sai ya zama kamar shayin da mai shayi ya zabga wa suga fiye da kima, duk juyin da za ka yi sai wani ya kwanta a gindin kofi. In ya haura wajen 6.8 a ma'aunin mg/dL jini ba ya iya riƙe shi, sai ya dinga daskarewa a cikin gaɓa, ƙanana-ƙanana masu tsini, ya fi son wurin da ya fi sanyi a jiki shi ya sa yake gangarawa yatsan ƙafa. Ranar da garkuwar jiki ta far musu, ranar ce ba ka barci. Ba sabon ilimi ba ne wannan, tun 1848 wani likita a Ingila mai suna Alfred Garrod ya nuna cewa yurik asid ya yi yawa a jinin masu wannan ciwo. Amma a unguwa har yau muna kan an taka asiri.

Wallahi Edita ranar da ƙafa ta kumbura ka ga ikon Allah. Kafin hantsi ɗakin ya cika. Gwaggo za ta ce ai ba a kwana lafiya a tashi da kumburi haka kawai, jifa ne ko ka taka wani abu a ƙofar shago. Maƙwabci zai ce targaɗe ne a kai ka wajen mai ɗori, ka yi tunanin a kama yatsan da ko iska ba ya so a ja shi a murɗa. Wani ya ce a gasa da ruwan zafi, alhali ƙanƙara a cikin tsumma ta fi sauƙaƙa shi. Wani ya kawo jarka da jiƙo, wani ya turo maka bidiyo a WhatsApp na mai maganin sanyi kowane iri, sanyin ƙashi da na mara da basir duk kwalba ɗaya. Kuma duk don ƙauna suke yi, ban ce akwai mai mugun nufi ba, shi ya sa ma ƙin karɓa yake da nauyi, ta yaya za ka ce wa yayan mahaifiyarka Kawu ba zan sha ba bayan ya hau keke napep tun daga Rigasa ya kawo maka.

Ga inda rikicin yake. Shi wannan ciwon ko ba ka sha komai ba, zafin yakan kai ƙarshe cikin kwana ɗaya, sannan ya dinga sauka da kansa cikin sati ɗaya zuwa biyu. To duk wanda ya kawo magani a kwanakin ƙarshe shi ne gwani, shi za a dinga ba da labarinsa a majalisa, ai jiƙon wane ne ya tashe shi. Bayan wata shida ko shekara ciwon ya dawo, sai a ce ka karya doka ne ko an sake jifa. Haka ake ta zagaye shekara da shekaru yurik asid na can yana taruwa, har ya fara yin ƙululu a yatsu da gwiwar hannu da gefen kunne, gaɓa ta lalace, wani kuma tsakuwar ƙoda ta biyo baya. Mutum bai taɓa zuwa an ɗebi jininsa an auna ba ko sau ɗaya, saboda duk wanda ya kewaye shi ya riga ya gaya masa sunan ciwonsa.

Wanda ya fi ba ni tsoro ma haɗin kemis ne, a ƙulla maka ƙwayoyi kala huɗu kala biyar a leda ba suna ba komai, ka sha ka ji garau, ashe diklofenak ne da ibufurofen a haɗe an ƙara da deksa. E suna kashe zafin, likitoci ma suna ba da irinsu na 'yan kwanaki da lissafi, amma mutum ya mayar da su abincin kullum, ga shi da hawan jini ko suga ko olsa, ƙodar da dama ita ce ke fama ita ake ƙara dannewa. Sannan ba kowane kumburin gaɓa ne gawut ba, in gaɓa ta kumbura ga zazzaɓi ga rawar sanyi yana iya zama ƙwayar cuta ce ta shiga ciki, wannan ba ya jiran gobe, asibiti ake nufa a ranar.

To abincin fa. Gaskiyar magana abin da muka fi so shi ne a sahun gaba, hanta, ƙoda, zuciya, tumbi da hanji, wato kayan ciki gaba ɗaya, su suka fi furin. Sai jan nama, na sa da rago da akuya, ko tsire ne ko balangu ko kilishi ko dambu, gashi ko shanya ba ya canza shi, kilishi ma da yake ruwan ya fita sai ka ci mai yawa ba ka sani ba. A kifi akwai sadin na gwangwani da titus, da irin su kirafish. Sai barasa ga masu sha, musamman biya, ita biyu take yi, ga furin a ciki ga hana ƙoda fitar da wanda ke jini. Akwai wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2004, an bi maza 47,150 har shekara 12, 730 daga cikinsu suka kamu da gawut, aka ga masu yawan cin nama da kayan ruwa sun fi kamuwa, masu yawan shan madara da nono marar kitse kuma sun fi tsira.

A nan zan ɗan tsaya kan romo, don ita ce shawarar da na fi ji kuma ta fi kowace cutarwa. Ka je walima ka ce likita ya hana ka nama, nan take mai gida zai ce to a zuba wa Malam romon kawai. Ɗan uwa furin yana narkewa a ruwa, in aka dafa nama wani kaso nasa cikin romon yake komawa, farfesun kayan ciki da aka bari ya yi ta tafasa tun asuba kuwa ba a magana. Kai kana ganin ka yi ƙoƙari ka bar tsoka ka sha ruwa-ruwa, kowa na yaba maka, ashe ba ka tsere wa komai ba. Haka masu zuwa dubiya, abin da ake kai wa marar lafiya a al'adarmu ai farfesu ne da Maltina da lemon kwali, mai gawut na kwance ƙafa a kan filo an jera masa su a gaba, in bai sha ba a ce ya raina.

Lemon kwalba kuwa mutane da yawa ba su ma san yana ciki ba, don ba nama ba ne ba kitse ba. Sugan da ke ciki rabinsa furuktos ne, shi kuma in hanta na sarrafa shi yana ƙara yurik asid. Masu wancan binciken sun sake fitar da wani a 2008, maza sama da 46,000, wanda ke shan lemon zaƙi biyu ko fiye a rana haɗarin kamuwarsa ya ƙaru da kashi 85 cikin 100 a kan wanda ba ya kai ɗaya a wata. Yanzu ka dubi ɗan kasuwa a Kasuwar Gumi cikin zafin Maris da Afrilu, lemo mai sanyi nawa yake kurɓa kafin la'asar, ruwa kuma sai in zai yi alwala. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi su a kan kansu ba laifi, sugan da ake ɗura musu ne matsalar. Zuma ma abar albarka ce babu musu, amma furuktos ɗin na ciki, cokali ɗaya daban rabin kofi daban.

Sai ɗaya ɓangaren, su kuma masu hana komai. Waɗannan sun fi masu tura maka nama gajiyar da mutum. Da zarar an ji kana da shi, wannan ya ce ka bar wake, wancan ya ce ka bar awara, wata ta ce alayyafo ne, wani ya ce ƙwai, wani ya ce nono ai sanyi ne da shi kar ka kusance shi, in ka bi ta kowa sai ka koma farar shinkafa da mai da yaji, ka rame ka fita hayyacinka ciwon kuma bai fasa zuwa ba. Alhali wancan binciken na 2004 ya duba wake da alayyafo da sauran ganyaye masu furin, bai ga suna ƙara kamuwa da ciwon ba. Ƙwai furin ɗinsa kaɗan ne ƙwarai. Gyaɗa ba matsala. Shi kuwa nonon da ake tsoratar da mutane da shi, wanda 'yar Fulani ta kaɗe ta cire man shanun, shi ne ainihin irin wanda likitocin Turai ke cewa a sha, muna da shi a araha a bakin titi, abin da ya rage kawai ka ce kar a zuba maka suga a furar ko a sa ɗan kaɗan. Ƙosai, alala, ɗanwake, faten wake, miyar kuka da ta kuɓewa da zogale, tuwon dawa da na masara, kaza daidai misali, gwaiba da lemon ɓawo a ci su haka nan maimakon a matse, wallahi abinci ne mai yawa, babu wanda zai ce an zalunce shi. In mutum na da teɓa ya rage a hankali, yana taimakawa sosai, amma ba da horon yunwa ba don saurin ramewa kan tayar da ciwon.

To in abin a fili yake haka me ya sa muke kasawa? Kara ce da kunya. An ɗaura aure a masallaci an koma gida an ajiye tire, ku shida ko bakwai kun kewaye, babban cikinku ya tsinko hanta ya tura gabanka, girmamawa ce ya yi maka. Ka ce a'a, sai ka ji haba Malam ɗan wannan ne zai kashe ka, ai ciwo da magani duk na Allah ne, wani ya ce kakana har ya rasu yana da shekara casa'in kullum sai ya ci kai da ƙafa. Kowa ya yi dariya, kai ma ka yi, ka kai hannu. Ba yunwa ce ta sa ka ci ba kuma ba mantuwa ka yi ba, ido ne ya yi maka yawa. Cikin dare kuwa duk waɗanda suka yi dariyar suna gidajensu suna minshari.

Wannan ba halin Bahaushe kaɗai ba ne, ɗan Adam ne haka. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi wani gwaji da nake yawan ba ɗalibaina labarinsa. Za a zaunar da mutum cikin wasu da aka riga aka haɗa baki da su bai sani ba, a nuna musu layi ɗaya a kati, a nuna wasu uku, a ce wanne ne tsawonsu ɗaya, abu ne da yaron firamare zai gane. Sai waɗancan su dinga faɗin amsar da ba ita ba ɗaya bayan ɗaya da gangan. Kusan mutum uku cikin huɗu sai da suka bi su aƙalla sau ɗaya, idonsu na ganin gaskiya bakinsu na faɗin ta jama'a, alhali in su kaɗai ne kusan ba sa kuskure. Ka lura fa waɗannan baƙi ne ba su san juna ba, ba suruki ba aminin uba, ba wanda za ka haɗu da shi gobe a sahun asuba. Ina ga mu. Amma abin da ya fi jan hankalina a gwajin, da aka sa mutum ɗaya tak cikin 'yan haɗin bakin ya faɗi amsar gaskiya, sai bin jama'ar ya faɗi ƙasa warwas. Mutum ɗaya.

Na ga wannan da idona a majalisarmu. Akwai wani abokinmu tela, shi lafiyarsa ƙalau, amma duk inda aka ajiye nama aka fara matsa wa ɗayanmu sai ya ce kai ku ƙyale shi, ku ne za ku kai shi asibiti? ya janye kwanon ya tura masa shinkafa da salak. Magana ta mutu a nan, babu wanda ya ji haushi. Da mai ciwon ne ya faɗa da bakinsa sai a ce iyayi ne ko tsoron mutuwa, amma da wani ya faɗa sai ta zama magana. Don haka ni shawarata ga mai wannan ciwo, kar ka ɓoye, ka samu mutum ɗaya cikin waɗanda kuke zama ka yi masa bayani tsaf, ka nuna masa takardar gwajin in ta kama. Kuma ka daina cewa ba na jin ci ne ko na ƙoshi, wannan ƙofa ce ka buɗe ta lallashi, ka ce likita ya hana kai tsaye, mutanenmu duk da surutunsu suna jin nauyin wannan kalmar.

Cikin gida ma akwai nasa. Mai mata biyu ya san abin da nake nufi, kowacce ranar girkinta so take ta burge, kuma a wurinmu burgewa nama ce, in wannan ta yi farfesun kayan ciki jibi waccan za ta yi na ƙafar sa, in ka ture kwanon wata magana ta tashi, ai na wance kana ci. Iyayenmu mata da matanmu don Allah ku taimaka, in maigida na da wannan ciwo ki je da shi asibitin ko sau ɗaya ki ji da kunnenki, don wadda ke riƙe da ludayi ta fi likita iko a kan abin da zai shiga cikinsa. Kuma ku ma ba ku tsira ba, maza ya fi kamawa amma bayan al'ada ta ɗauke mata ma suna samunsa.

Akwai kuma tsokanar nan ta ai ciwon masu kuɗi ne, Alhaji an ci daɗi an tara. Turawa ma da can haka suke ce masa, ciwon sarakuna. Wasa ne amma yana hana mutane faɗa, malamin makaranta da albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata ya ce yana da ciwon cin nama ai sai a yi masa dariya. Gaskiyar kuwa gado da yanayin ƙoda sun fi abinci tasiri, wani bincike da masana na ƙasar Niyuzilan suka fitar a 2018 ya nuna haka ƙarara, shi ya sa za ka ga mahauci na Zango da ke cikin nama dare da rana lafiyarsa lau, wani kuma da sai sallah-sallah yake gani yana ɗingishi. Wannan ya kawo ni kan abin da masu cewa abinci kaɗai ya isa ba sa so a faɗa. Duk ƙoƙarinka a kan abinci, abin da yakan rage a ma'aunin bai cika wuce 1 ba. In naka 7 ne to madalla, in 9 ne ko 10 fa? Likitoci so suke ya sauka ƙasa da 6, ko 360 in ɗakin gwajin da wani ma'aunin yake aiki, ya zauna a nan, sannan ne wanda ya daskare zai fara narkewa. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar a 2020 ta ce wanda ciwon ke tasar masa sau biyu ko fiye a shekara, ko ya fara ƙululu, ko hoto ya nuna gaɓa ta fara lalacewa, a ɗora shi kan maganin rage yurik asid, na farko a layi shi ne alofurinol, tsohon magani ne tun 1966 ake amfani da shi, a fara da kaɗan kamar 100mg ko ƙasa da haka a dinga ƙarawa ana gwaji.

Nan ma sai 'yan ba da shawara sun shigo. Shi wannan maganin a watannin farko yana iya tayar da ciwon, saboda abin da ya daskare ya fara motsi, shi ya sa likita kan haɗa da wani kamar kolcisin na wata uku zuwa shida. To mutum ya fara sha, sati biyu ƙafa ta kumbura, sai majalisa ta ce ka gani ko, maganin Bature ƙara maka yake, watsar. Ya watsar. Wani kuma ya samu sauƙi wata da watanni sai a ce kai har yanzu kana shan ƙwaya, za ta kashe maka ƙoda fa, alhali barin yurik asid ɗin a sama da haɗin kemis ɗin da zai koma wa su ne abin tsoro ga ƙodar. Abu ɗaya da ake tsayar da shi nan take a koma wa likita shi ne in ƙuraje suka feso a fata ko baki ko zazzaɓi ya zo, wannan ba wasa ba ne. Ban da haka, tsayarwa da ci gaba maganar likitanka ce. Kuma a sani wani lokaci in aka auna jini ana tsakiyar ciwon sakamakon kan fito daidai, sai a sake bayan an lafa da 'yan makonni, kar wani ya duba takardar ya ce maka ai ba ka da komai.

Masu hawan jini ku gaya wa likita duk abin da kuke sha, don magungunan nan masu sa fitsari da ƙaramin asfirin da ake ba masu ciwon zuciya suna ɗaga yurik asid, haka wani daga cikin magungunan tarin fuka. Ban ce ka daina ba fa, kar a je a ce wani malami ya rubuta a jarida, likita ne zai duba ya canza in da hali. Da azumi kuma a sha ruwa sosai tsakanin buɗa-baki da sahur, ba a buɗe da lemo kwalba biyu a rufe da soyayyen nama ba.

Yanzu ga layya na zuwa. Ranar farko kayan ciki ake fara soyawa kowa ya sani, hanta ma ita ake fara miƙa wa maigida, kwana uku ana suya, sannan a shiga yawon gaisuwa kowane gida a ajiye maka kwano da lemo, nama kuma ya yi wata a cikin bokiti ana tsinka. Ni ba zan ce wa kowa kar ya ci naman layyarsa ba, ibada ce da farin ciki, amma mai gawut ya bar wa yara kayan ciki da romo, ya ɗauki tsoka 'yar daidai sau ɗaya a rana, ya bi da ruwa, in an ba shi a gidan mutane ya karɓa ya yi godiya ya ce a ƙulla masa a leda zai tafi da shi, ba wanda zai bi shi gida ya ga wa ya ci. Dama sunna ta ce a ci a kyautar, to ya ƙara yawan kyautar.

Roƙona gare ka Edita, kafin sallar nan ku samo likitan gaɓoɓi ko masanin abinci daga asibitin Barau Dikko ko na Shika ku ba shi shafi guda ya yi bayani da Hausa, da sunan abincinmu, kar a kawo mana jerin abincin Turawa da ba a sayarwa a Kaduna. A tambaye shi ganda da ƙafar sa ina matsayinsu, kifin tarwaɗa da busasshen kifi fa, daddawa da dunƙulen miya fa, nawa ne kuɗin gwajin yurik asid yanzu kuma inshorar lafiya ta jiha tana ɗauka ko ba ta ɗauka. Gidajen rediyo da ke ba masu tallar maganin sanyi awa guda su ma su ba likitan ko minti ashirin ne. Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku,
Wani malamin makaranta
Tudun Wada, Kaduna